Ranar da Kwamfutar Inna Ta Yi Zazzaɓi

A garin Diffa, a wata unguwa kusa da kasuwar tattasai, akwai wata yarinya ƴar aji shida. Shekarunta goma sha biyu. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, musamman a lissafi. Aibinta ɗaya ne: ba ta da haƙurin karanta abu har ƙarshe. Da ta ga farkon layi, sai ta ce ta gane.

Mahaifiyarta, Madan Rahamatu, ita ce darakta, wato shugabar lakwal ɗin. Daga Damagaram aka turo ta aiki shekara huɗu da suka wuce. A lakwal yarinyar na ce mata Madan, kamar sauran yara. A gida kuwa Inna take ce mata.

Inna tana da wata baƙar kwamfuta, irin wadda ake rufewa a sa cikin jaka. Ba sabuwa ba ce, amma tana aiki lafiya lau.

A wannan shekarar akwai wani babban aiki a cikinta. Yara da yawa na lakwal ɗin ba a Diffa aka haife su ba. Iyayensu sun baro Tumur da wasu ƙauyukan bakin kogi lokacin da zaman can ya gagara. Abin da hannu zai iya ɗauka kawai suka fito da shi. Takardun haihuwar yara da dama sun ɓace. Wasu ma ba a taɓa yi musu ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa kuwa, da wuya a rubuta shi a jarrabawar ƙarshen shekara.

Shi ya sa aka shirya alƙali zai zo lakwal ranar Alhamis, ya yi wa yaran takardu. Amma sai an kai masa sunayensu tun ranar Laraba, kafin a tashi daga aiki.

Mako uku Inna ta yi tana tara sunayen. Lokacin tsinkar tattasai ne, iyaye duk suna gonakinsu a bakin kogin Komadugu. Wani sai an aika masa sau uku kafin ya zo. In ya zo, Inna ta ba shi kujera. Ta tambaye shi sunan yaro, da na uwa, da na uba, da garin haihuwa, da shekara. Yana faɗa, tana bugawa a kwamfuta. Yara sittin da uku ta rubuta. Cikinsu har da Basira, babbar ƙawar yarinyar.

Ranar Litinin, lokacin hutun safe, wani ɗan ajinsu mai suna Usama ya zo da hoto. Hotonsa ne, an kewaye shi da furanni da taurari. Yara suka taru suna kallo.

Yarinyar ta ce, "Wa ya yi maka wannan?"

"Yayana ne. Da wata manhaja yake yi. Ga ta nan cikin wannan kile."

Ya nuna mata ɗan ƙaramin kile ja, irin wanda ake sokawa a gefen kwamfuta.

Yarinyar ta tuna da hotonsu ita da Basira, wanda aka ɗauka ranar Salla. Yana cikin kwamfutar Inna. Ta ga yadda zai yi kyau in an sa masa furanni.

"Ka ara mini zuwa gobe," in ji ta.

Usama ya miƙa mata. Ta ɗaure shi a bakin kallabinta.

Ba wai ba ta san dokar gida ba. Inna ta yarda ta taɓa kwamfutar, ta koyi bugun rubutu. Amma ta sha faɗa mata, "Ɗiyata, kada ki sa kilen kowa a ciki. Kada ki saka mata komai sai ina nan."

Bayan la'asar Inna ta tafi barka gidan wata maƙwabciya da ta haihu. Yarinyar ta leƙa waje, ta ga babu kowa. Ta ɗauko kwamfutar, ta zauna kan tabarma, ta soka kilen.

Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, cike da rubutun Faransanci. Rubutun da yawa, ga shi ƙanana. Ta karanta layin farko kawai, ta danna inda aka ce ta yarda. Wani akwatin ya fito, ta danna. Na uku ya fito, ta danna. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Manhajar ta buɗe. Ta sa wa hoton furanni ja da rawaya. Ya yi kyau ƙwarai, har ta yi dariya ita kaɗai.

Can sai wani saƙo ya fito. Ya ce a kashe kwamfutar a sake kunna ta. Ta danna.

Kwamfutar ta mutu, ta sake tashi. Daga nan abu ya canza.

Ƴar fankar da ke cikinta ta fara ƙara, fuuu, ba tsayawa. Yarinyar ta motsa ƴar kibiyar da ake nuna abu da ita. Kibiyar ta tsaya cak, sai can ta yi tsalle zuwa wani gefe. Ta taɓa ƙasan kwamfutar, ta ji zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Ta sake kashewa, ta kunna. Fankar ta koma ƙararta. Ta ɗauko mafici ta yi ta yi mata fifita. Ba abin da ya ragu.

"Manhajar nan ce," ta ce a ranta. "In na cire ta, shi ke nan."

Da ƙyar, tana jira, kibiyar na tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ta samu ta goge manhajar. Ta goge hoton furannin ma. Ta zare kilen, ta kashe kwamfutar, ta mayar da ita cikin jaka yadda ta same ta.

Da Inna ta dawo, ta ce, "Lafiya na gan ki shiru?"

"Lafiya lau, Inna."

Washegari Talata, Inna ta buɗe kwamfutar a biro, wato ofishinta, don ta fitar da sunayen a takarda. Fankar ta tashi da ƙara. Ta danna jerin sunayen, ya ƙi buɗewa. Ta jira minti ashirin, bai buɗe ba. Ta kashe ta kunna har sau uku.

Da aka tashi daga lakwal da rana, yarinyar ta same ta zaune ta rafka tagumi.

Inna ta ce, "Kwamfutar nan ta ƙi aiki. Jiya da safe lafiyarta lau. Kin taɓa ta da na fita?"

Yarinyar ta kalli ƙasa. "A'a, Inna."

Inna ba ta sake tambaya ba, don ba ta saba jin ƙarya a bakin ɗiyarta ba.

"Ɗauko jakar, ki raka ni wurin Nazifa mai gyaran kwamfuta."

Suka tari adaidaita zuwa bakin kasuwa. Ana ta loda buhunan jan tattasai a manyan motoci, yaji ya cika iska, kowa na atishawa. Shagon Nazifa na bayan masu sayar da buhu. Ƙaramin shago ne, da tebur biyu da benci. Nazifa matashiya ce mai sanyin magana. Ta yi karatun gyaran kwamfuta, kuma malaman lakwal da ma'aikata da yawa wurinta suke kai nasu.

Suka gaisa. Inna ta yi mata bayani.

"Bari mu ga abin da ke damunta, Madan," in ji Nazifa.

Ta kunna kwamfutar. Ta danna maɓallai uku a lokaci guda. Bayan ɗan jira, wata taga ta buɗe mai dogon jerin sunaye, kowane da lamba a gabansa.

Nazifa ta dubi yarinyar. "Matso ki gani, ƙanwata. Waɗannan su ne ayyukan da kwamfuta ke yi yanzu. Lambar nan ta sama tana nuna yawan ƙarfin ƙwaƙwalwarta da ake amfani da shi. Nawa kika gani?"

"Ɗari, Tanti."

"Ɗari bisa ɗari ke nan. Ba ta da sauran ƙarfin da za ta buɗe komai. Shi ya sa take zafi, fanka na ta ƙoƙarin sanyaya ta. Dubi wannan layin kuma. Shi kaɗai ya cinye casa'in da huɗu."

Inna ta ce, "To a goge shi mana."

"Ba ya goguwa, Madan. Na cikin gida ne, da shi aka yi kwamfutar. Aikinsa kamar na ɗan aike ne. Manhajoji su tambaye shi abu, ya je ya dubo, ya kawo amsa. Amma zan iya tsayar da shi mu gani."

Ta danna. Lambar ta sauko daga ɗari zuwa shida. Fankar ta yi shiru.

Inna ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Buɗe mini sunayen."

Nazifa ta kai kibiya kan jerin sunayen. Kafin ta danna, layin nan ya dawo da kansa. Lambar ta fara hawa, talatin, saba'in, ɗari. Fankar ta ɗauki ƙara.

Nazifa ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Da tashinta, lambar ta koma ɗari.

"Kin gani, Madan. Ba laifinsa ba ne. Akwai wani abu da ke tashi tare da kwamfutar, yana ta aiken sa ba hutawa. Shi za mu nemo. An saka mata wani sabon abu kwanan nan?"

"Ba a saka komai ba," in ji Inna. "Ni kaɗai ke aiki da ita. Ɗiyata ma ba ta taɓa ta ba."

Nazifa ta dubi yarinyar. Yarinyar ta juya tana kallon masu loda buhu.

Nazifa ta duba jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar. Ba ta ga baƙuwa ba, tunda yarinyar ta riga ta goge ta. Ta duba ko wani sabuntawa ne ya tsaya a hanya. Ba shi ba ne. Ta sa abin binciken cutar kwamfuta. Saboda nauyin da kwamfutar ta yi, binciken ya yi ta jan jiki. Mutum biyu suka zo da nasu gyaran, Nazifa ta ba su haƙuri, ta ce su dawo jibi.

Aka yi la'asar, rana ta yi sanyi. Binciken ya ƙare, bai sami komai ba.

Nazifa ta murza idanunta. "Madan, abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar nan sun fi arba'in. Sunayensu duk kama da juna. In zan bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane sai na kashe na kunna. Da wannan nauyin, kwana biyu zan yi, ko uku."

"Gobe da yamma ne ƙarshe," in ji Inna.

"Kina da sunayen a wani wuri?"

Inna ta girgiza kai. "Kullum ina cewa zan kwafe su a kile. Ban yi ba."

Suka bar kwamfutar a shagon, suka koma gida. Da suka isa, Inna ta ɗauko kaye, wato littafin rubutu, da biro, ta fara rubuta sunayen da za ta iya tunawa. Sunan yaro takan tuna. Sunan uwa da garin haihuwa kuwa sai ta tsaya, ta yi tunani, ta bar wurin ba komai. Yarinyar ta kawo mata abinci, ta ce ta ajiye.

Ranar Laraba da safe, Basira ta zo lakwal da fara'a. Ta ja ƙawarta gefe.

"Babana ya bar gona tun jiya. Ya ce ko tattasan zai bushe a tsaye, sai ya zo gaban alƙali gobe. Har ya samo mutum biyu ƴan garinmu da za su yi shaida."

Yarinyar ta ce, "To."

"In na samu takarda, zan yi jarrabawa tare da ke. Mu tafi kwaleji tare. Ki roƙi Madan a sa mu aji ɗaya."

Yarinyar ta kasa kallon ta. Ta ce cikinta ke ciwo, ta shige aji.

Malaminsu, Mushe Laminu, ya rubuta lissafi a allo. Ya kira ta, don ita ce ta saba fara ɗaga hannu. Ta tashi, ta riƙe alli, ta tsaya. Lissafin da take yi ido rufe, yau ya gagare ta.

Da aka fita hutu, ya ce ta tsaya.

"Ɗiyata, yau ba ke ba ce. Me ya faru?"

"Ba komai, Mushe."

Ya jawo benci ya zauna. Bai matsa mata ba. Ya yi ta jera kayen yara a kan tebur, yana jira.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mushe, in mutum ya yi laifi, kuma ya ce bai yi ba, daga baya yana iya faɗa?"

"Yana iyawa. Kuma gara yau da gobe."

Sai hawaye suka zubo mata. Ta kwance bakin kallabinta, ta fito da jan kilen. Ta faɗa masa komai, tun daga hoton Usama har zuwa shagon Nazifa.

Mushe Laminu ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Laifi biyu kika yi. Na farko, kin taka dokar mahaifiyarki. Wannan kowane yaro na iya yi. Na biyu, kin ɓoye. Shi ne ya sa mai gyara ta wuni tana nema inda babu."

"Madan za ta yi fushi."

"Za ta yi, kuma tana da gaskiya. Amma dubi agogo. Ƙarfe goma ta wuce. Fushinta zai huce. Yara sittin da uku kuwa, in yau ta wuce, ban san yaushe alƙali zai sake zuwa ba. Tashi, zan raka ki har ƙofar biro. Maganar dai ke za ki yi ta."

Ya raka ta, ya tsaya a waje. Ta yi sallama ta shiga. Inna na zaune da kayenta. Sunaye ashirin da ɗaya kawai ta iya cikawa.

Yarinyar ta ajiye kilen a kan tebur.

"Inna, ni na ɓata kwamfutar. Ranar Litinin na sa wannan a ciki. Na saka wata manhaja, sannan na goge ta don kada ki gani. Da kika tambaye ni, ƙarya na yi."

Inna ta ajiye biron.

"Jiya kina zaune kina ganin Nazifa na wahala?"

"I, Inna."

"Kina ganin ina rubuta sunayen nan da ka?"

"I, Inna. Ki yi haƙuri."

Inna ta miƙe, ta ɗauki mayafinta. "Za mu yi magana a gida. Yanzu ba lokaci. Ɗauki kilen, mu tafi."

Ta bar wa Mushe Laminu kula da lakwal, suka fita.

Sun tarar da Nazifa a gaban kwamfutar. Tun safe abu tara kawai ta iya gwadawa. Inna ta ce wa yarinyar, "Faɗa mata da bakinki."

Ta faɗa. Ta ƙara da cewa, "Tanti, ki yafe mini. Na sa kin kori masu kawo gyara saboda ni."

Nazifa ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da jiya kika faɗa, da kafin la'asar mun gama. Amma yanzu ma kin taimaka. Kawo kilen."

"Tanti, ai na goge manhajar. Me ya sa ba ta warke ba?"

"Yanzu za mu gani."

Ta jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, wadda take gwaji da ita. Babu aikin kowa a cikinta. Ta soka kilen. Akwatin farko ya fito.

"Zauna nan. Karanta mini, kada ki tsallake ko kalma ɗaya."

Yarinyar ta karanta da ƙarfi, a hankali. Akwatin farko sunan manhajar ne da sharuɗɗanta. Na biyu yana tambayar inda za a ajiye ta. A na uku, can ƙasa, akwai wani ƙaramin rubutu, da ƴar alama an riga an sa a gabansa.

Ta karanta, ta tsaya, ta sake karantawa.

"Tanti, ya ce na yarda a saka mini wata manhaja ta daban. Wai mai lura da lafiyar kwamfuta. Kuma wai za ta riƙa tashi duk lokacin da aka kunna."

"Kin ga wannan ranar Litinin?"

"Ban karanta ba."

"To biyu kika saka, ɗaya kika goge. Rubuta sunan ta biyun a takarda."

Suka koma kan kwamfutar Inna. Nazifa ta buɗe jerin abubuwan da ke tashi tare da ita. Ta ce yarinyar ta bi da yatsa, layi bayan layi. Sunayen duk kama da juna, kamar yadda Nazifa ta faɗa. Yarinyar ta wuce goma, ta wuce ashirin. A layi na talatin da ɗaya ta tsaya. Ta dubi takardarta, ta dubi kwamfutar.

"Ga ta nan."

"Ita ce," in ji Nazifa. "Ba a yi ta da kyau ba. Tana ta tambayar ɗan aiken nan lafiyar kwamfuta, sau dubbai a minti ɗaya. Shi kuma ba ya iya ƙin amsawa. Danna nan, ki hana ta tashi."

Yarinyar ta karanta abin da aka rubuta a maɓallin tukuna, sannan ta danna.

"Yanzu kashe, ki kunna."

Kwamfutar ta mutu. Su uku suka zuba mata ido. Ta tashi. Fankar ta yi ɗan motsi, ta lafa. Nazifa ta danna maɓallan nan uku. Lambar sama ta nuna arba'in, ta sauko sha biyu, ta tsaya a shida.

Inna ta miƙa hannu za ta jawo kwamfutar. Nazifa ta ce, "Ɗan dakata, Madan. Jiya ma ta yi mana haka."

Suka jira minti biyar. Lambar ba ta hau ba. Nazifa ta cire manhajar gaba ɗaya. Ta sa yarinyar ta kashe ta kunna har sau biyu. Kowane karo lambar na tsayawa ƙasa da goma. Yarinyar ta taɓa ƙasan kwamfutar, ta ji ta huce.

Inna ta danna jerin sunayen. Nan take ya buɗe. Ta bi shi daga na ɗaya har na sittin da uku. Babu wanda ya ɓace.

Kafin komai, Nazifa ta ɗauko sabon kile, ta kwafe sunayen a ciki, ta miƙa wa Inna.

"Madan, ke ma da naki. Aiki irin wannan ba a ajiye shi wuri ɗaya."

Inna ta karɓa. "Gaskiyarki. Wannan sakacina ne."

Aka fitar da sunayen a takarda, shafi bakwai. Ƙarfe uku da ƴan mintuna Inna ta miƙa su a gidan shari'a. Magatakarda ya duba, ya buga hatimi.

Da suka dawo gida suka yi sallar la'asar, Inna ta kira ɗiyarta, ta zaunar da ita kusa da ita.

"Na yi fushi da kika sa kilen. Amma abin da ya fi yi mini ciwo, na tambaye ki kika ce a'a. Ni kuma na tsaya gaban Nazifa na ce ɗiyata ba ta taɓa ba. Kin sa na faɗi abin da ba haka ba."

"Ba zan sake ba, Inna."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Tsoro na ji."

"Na sani. Amma kin ga tsoron bai gyara komai ba. Wata guda ba za ki taɓa kwamfutar nan ba. Bayan wata guda, sai ina zaune. Gobe kuma ke za ki ɗebo wa iyayen yara ruwan sha, tun safe har a gama."

"To, Inna."

Inna ta dafa kanta. "Da kika shigo biro yau, na san ba abu ne mai sauƙi ba. Wannan kam kin kyauta."

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyoyin lakwal. Iyaye suka cika wurin, wasu da jan ƙurar tattasai a hannayen rigunansu. Alƙali ya zauna a tebur, magatakarda na kiran suna. Ana ta magana da Barbarci da Hausa da Fulatanci, Mushe Laminu na taya fassara.

Yarinyar ta yi ta zagawa da bokiti da kofi. Da ta ga Usama, ta mayar masa da kilensa.

"Ka ce wa yayanka ya karanta akwati na uku. Akwai wata manhaja ɓoye a ciki, ita ta kusa kashe kwamfutar Madan."

Usama ya ce, "Shi ma tasa ta yi kwana biyu tana ƙara."

"To ya kai ta wurin Tanti Nazifa, kuma ya faɗa mata abin da ya saka."

Wajen azahar aka kira Basira. Ta tashi tare da babanta da shaidu biyu. Alƙali ya yi musu tambayoyi, suka amsa, ya sa hannu. Basira ta dawo da gudu, ta rungume ƙawarta har ruwan bokitin ya zube musu a ƙafa.

Da suka zauna hutawa, yarinyar ta ba ta labarin duk abin da ya faru. Ba ta rage komai ba. Basira ta ce, "Da ba ki faɗa ba fa?"

"Da yau babu kowa a nan."

"To kin faɗa," in ji Basira. Ta karɓi kofin, ta taya ta raba sauran ruwan.

A ƙarshen shekara su biyun suka zauna jarrabawa, kuma duk suka ci.

Yara, kowa na iya yin kuskure. In kun yi, ku faɗa da wuri, ku faɗa duka, don mai gyara ya san inda zai duba. Ku bi dokar iyayenku a kan kayan aikinsu. Kuma kada ku ce kun yarda da abu sai kun karanta shi har ƙarshe.